Amsa kan gwajin da likita ya nema kafin a fara maganin kansar nono

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce an ciri tsoka a nononta nan Maraɗi, an tabbatar kansa ce, likita ya ce sai an ƙara wani gwaji a kan tsokar kafin ya zaɓi magani, dangi kuma na ganin ɓarnar kuɗi ce tunda an riga an san cutar. Ku yi gwajin nan. A duk abin da za ku kashe a jinyar, babu kuɗin da ya kai wannan amfani.

Kansar nono ba iri ɗaya ba ce. Mata biyu na iya samun ƙari mai girma ɗaya, amma abin da ke hura wutar kowanne daban. Abu uku ake dubawa, kuma a takardar sakamako za ki gan su da Faransanci: RE, RP da HER2. Idan RE ko RP (wuraren da sinadaran mata ke kamawa a ƙarin) ya nuna akwai, to ƙarin yana girma ne da sinadarin mata na jiki, sai a toshe masa hanya da ƙwaya. Tamoxifen ake ba da shi, miligiram 20 kullum, shekara 5 zuwa 10. Wadda ta daina al'ada ana iya ba ta letrozole miligiram 2.5. Waɗannan ba su da tsada sosai, kuma suna rage dawowar cutar ƙwarai.

HER2 kuwa ƙwayar halitta ce da ke ninka kanta fiye da kima a cikin ƙarin, ana samun haka a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar. Sakamakon 0 ko 1+ yana nufin babu, 3+ akwai. Idan ya fito 2+ ba a yanke hukunci ba tukuna, sai an sake wani gwaji mai suna FISH wanda ke ƙirga ƙwayar halittar kanta. Kada kowa ya sa ku sayen magani a kan 2+ kawai. Maganin masu HER2 shi ne trastuzumab, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1998. Da nauyin jiki ake auna shi: miligiram 8 kan kowane kilo a karon farko, daga nan 6 duk bayan mako uku, har shekara guda. Mace mai kilo 60 ke nan za ta samu 480 da farko, sannan 360. Ga wadda ba ta da HER2, ko kwalba ɗari aka ƙara mata, aikin banza ne.

Yanzu inda aka fi samun ɓaraka, kuma nan nake so ki buɗe ido: tsokar kanta. Dole a jefa ta cikin ruwan formol (sinadarin da ke hana nama ruɓewa) mai kashi 10 kafin awa ɗaya da cire ta, ruwan ya ninka tsokar kamar sau goma, ta kwana a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Idan aka bar ta a faranti cikin zafin nan namu, ko aka sa ta a ruwan gishiri ko alkol, ko ta yi mako a kwalba tana jiran motar Yamai, alamomin da ake nema suna lalacewa. Sai sakamako ya fito babu alhali akwai, a hana mace ƙwayar da za ta taimake ta. In nono gaba ɗaya aka cire, sai an tsattsaga shi kafin a tsoma, domin formol a hankali yake ratsa nama, tsakiyar kan ruɓe kafin ya isa. Ki tambayi ranar da aka ciri tsokar da ranar da ta isa ɗakin gwaji. Idan tazarar ta yi yawa kuma komai ya fito babu, ki roƙi likita a sake gwadawa a kan tsokar da za a cire lokacin tiyata.

Bayan gwaji ana daskarar da tsokar cikin kakin farafin, ɗan dunƙule da bai kai akwatin ashana ba. Ki rubuta lambarsa ki adana. Yana shekaru bai lalace ba, kuma da shi ake duk wani gwaji na gaba, a Yamai ne ko a waje.

Idan an kai ga trastuzumab, a yi eko, wato hoton zuciya, kafin a fara, a maimaita duk wata uku, saboda yana iya raunana bugun zuciya. Kumburin ƙafa ko haki, a gaya wa likita nan take. Ba a haɗa shi lokaci ɗaya da jan ruwan shimiyo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) da ake kira doxorubicin, sai an gama wancan. Mai ciki ba ta amfani da shi, haka ma tamoxifen. Ajiyar trastuzumab a firigo ne, sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a cikin ƙanƙara ba. Wanda ya wuni a jakar matafiyi cikin rana, kada ki amince da shi. Akwai kuma irinsa da wasu kamfanoni ke yi da izini, ya fi araha, ki tambayi likita.

Babban gwajin nan da ake talla, mai karanta ɗaruruwan ƙwayoyin halitta a lokaci ɗaya, ba shi Inna ke bukata yanzu ba. Amfaninsa ya fi fitowa idan cuta ta bazu kuma magungunan farko sun daina aiki, domin ƙari yakan sauya ya kauce wa maganin da ake ba shi. Sau da yawa ma maganin da zai nuna ba ya samuwa a kusa.

Gwajin gado daban yake, da jini ake yinsa, ana neman matsala a ƙwayoyin halittar da ake kira BRCA1 da BRCA2. Idan kansar ta kama Inna tun tana da ƙuruciya, ko RE, RP da HER2 duka sun fito babu, ko akwai wasu a dangi da suka yi kansar nono ko ta ƙwan mace, ki faɗa wa likita, don maganar ta shafe ki da ƙannenki mata har da maza.