Haɗeja ga mai son dogaro da gonarsa

Malam, ka tambaya ko Haɗeja za ta yi wa mai son barin Kano ya ci da iyalinsa daga gonarsa, ko da kasuwa ta tsaya ko wuta ta ɗauke. Za ta yi, amma ruwan da zai ciyar da kai shi ne kuma abin tsoro.

Fadamar kogin Haɗeja tana ba da shinkafa da damina, alkama da tattasai da rani, ga kifi. A tudu kuwa gero, wake da riɗi. Sai dai ambaliyar 2020 da ta 2022 ta cinye gonaki da gidaje a yankin, kuma ciyawar kacalla tana toshe hanyoyin ruwa. Don Allah kada ka sayi fili da rani. Ka je a watan Satumba, ka dubi inda shatin ruwa ya tsaya a jikin katanga, ka tambayi dattawan unguwa.

Gida da rumbu su kasance a tudu, gona a fadama. Famfo mai sola ya fi injin fetur kwanciyar hankali. Ka tanadi gidan sauro ga kowane yaro, domin sauron wurin ba shi da wasa.