Tukunyar shukar da na buga da firinta tana yoyo, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramar firintar 3D mai buga abubuwa da roba, ƙirar Ender 3, don sha'awa. Na sauko da zanen tukunyar shuka mai shayar da kanta daga intanet, na buga guda biyu da zaren roba mai suna PLA. Wadda na ajiye a ɗaki ta fara tsattsafo da ruwa ta gindi bayan kwana biyu. Ta baranda kuwa bakinta ya karkace, na'ana'ar da na dasa a ciki ta yi rawaya ta mutu, alhali ruwa bai taɓa ƙarewa ba. Firintar ce ba ta da kyau, ko ni ce ban iya ba? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, firintarki lafiyarta ƙalau. Matsala uku kika kawo, kowace da dalilinta, kuma duk wanda ya fara wannan aiki sai ya ci karo da aƙalla biyu daga ciki.

Mu fara da yoyon. Ki ɗauki tukunyar ki goga farce a jikinta daga sama zuwa ƙasa, za ki ji gurzi-gurzi. Wannan firinta ba zuba roba take yi a mazubi kamar yadda ake yin bokiti a masana'anta ba. Narka zaren take yi, ta fitar da shi ta bakin da faɗinsa milimita 0.4 ne, ta riƙa shimfiɗa layi bisa layi, kamar yadda maginin tukunya ke ɗora naɗin yumɓu kan ɗan'uwansa. Sai dai shi magini yana bi da hannu da ruwa ya shafe haɗin. Firinta ba ta shafewa. Duk inda layi bai narke ya kama na ƙasansa sosai ba, akwai kafa da ido ba ya gani, ruwa kuwa sai ya gano ta. Wurare biyu suka fi yin haka: kusurwar da gindi ya haɗu da bango, da kuma ɗinkin nan da ke tafiya tsaye a jikin tukunya, inda bakin firintar ke fara kowane zagaye ya kuma ƙare.

Gyaran a cikin manhajar yanka yake, wato wadda ke raba zane layi-layi don firinta ta buga, ko Cura kike amfani da ita ko PrusaSlicer. Saitin da suke zuwa da shi na kayan ado ne, bango biyu ko uku kawai. Ki mayar da bangon huɗu, layin gindi shida. Ki ƙara zafin bakin firintar da digiri 5 zuwa 10 a kan abin da kika saba, ki rage ƙarfin fankar sanyaya, ki rage gudu, sannan ki ɗaga yawan robar da ke fita zuwa kashi 103 ko 105 cikin ɗari. Tukunyar za ta ɗan rage kyau, amma layukan za su manne. Akwai kuma saitin da ke buga bango ɗaya a naɗe tun daga ƙasa har sama ba tsayawa, wanda ake yin tulun furanni da shi. Ba shi da ɗinki, abin so ke nan, amma da bakin 0.4 bangon yakan fito siriri har ya riƙa lanƙwasa in an cika ruwa. In za ki bi wannan hanya, ki sa bakin 0.6 ko 0.8.

Wani abu da masu zanen nan na ƙasashen waje ba sa tunawa da shi shi ne ɗaukewar wuta. Tukunya mai matsakaicin girma takan ci awa takwas ko fiye a kan irin firintarki. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ko da firintar ta ci gaba daga inda ta tsaya, robar ƙasa ta riga ta huce, sabon layin ba zai kama ta da kyau ba. Za ki ga wani zobe a jikin tukunyar, to nan ne za ta yi yoyo. Ma'ajin ruwa dai, wato sashen tukunyar da ke riƙe ruwan, kada ki fara buga shi sai kina da inbata ko sola da za ta riƙe har ƙarshe. Kuma kafin ki zuba ƙasa, ki cika shi da ruwa ki ɗora a kan busasshiyar takarda, ki bar shi yini da kwana. In takardar ta yi danshi, ki shafe cikin da gam ɗin efoksi ko ki sake bugawa.

Karkacewar bakin tukunyar kuma halin PLA ne. Yana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60. Za ki ce ai Kano ba ta kai haka ba, gaskiya ne, amma a watan Afrilu iska kanta tana haura 40, abu mai duhun launi da rana ke duka kai tsaye kuwa yana fin iskar zafi nesa ba kusa ba. Ni ma tukunyata ta farko baƙa ce, na bar ta kan katanga, da la'asar na tarar nauyin ƙasa ya tura cikinta waje, bakin ya zama kamar ƙwai. Tun daga ranar na koma wani zare mai suna PETG ga duk abin da zai fita waje. Shi sai wajen digiri 80 yake laushi, layukansa sun fi mannewa, ana buga shi a kan digiri 230 zuwa 250, farantin da firintar ke bugawa a kansa kuma 70 zuwa 80. Yana shan danshin iska, don haka da damina ki riƙa ɗaure shi a leda ko ki rufe a roba mai murfi. Zaren ASA ya fi su duka jure rana, sai dai yana wari, yana buƙatar firinta rufaffiya da ɗaki mai iska, ba zan ba mai farawa shawararsa ba. Ki zaɓi launi mai haske amma wanda haske ba ya ratsawa. Zare mai garai-garai yana da kyau a hoto, cikin mako biyu gansakuka za ta mayar da ruwan kore.

Na'ana'ar ce ta fi damuna, domin ko da tukunyar ba ta yoyo ko kaɗan, da wannan matsalar shukar za ta mutu. Kin ce ruwa bai taɓa ƙarewa ba, kuma ina kyautata zaton shi ya kashe ta. Saiwa tana numfashi. A tukunya mai shayar da kanta, ƙasa ba ta zama cikin ruwa. Ruwan yana ƙasa, kwandon shuka yana sama, tsakaninsu akwai sarari na iska kamar santimita ɗaya ko biyu, lagwani ne kaɗai ke haɗa su, yana jan ruwa sama kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Abin da ke tsare wannan sarari ɗan rami ne a gefen ma'ajin, ƙasa kaɗan da gindin kwandon, wanda rarar ruwa ke fita ta cikinsa. Zane-zane da yawa da ake saukowa ba su da shi, don an yi su ne domin tebur. In babu, duk cikawar da kika yi da ƙauna nutsar da saiwar take yi. Ki ciro mataccen tushen ki sansana, in ya yi baƙi yana wari kamar kwata, shi ke nan.

Lagwanin ki yi shi da igiyar nailan ko foliyesta mai kauri kamar milimita 5, ki jiƙa ta kafin ki zura. Ta auduga tana ja da kyau amma ruɓewa take yi. Ƙasar ma a duba: jar ƙasar tsakar gida ko laka takan danƙare ta toshe iska. Ki gauraya ruɓaɓɓen taki da garin ɓawon kwakwa da ɗan yashi mai tsakuwa. Mako biyun farko ki shayar ta sama har saiwa ta kama, bayan nan ma sau ɗaya a wata ki kwarara ruwa ta sama don ya wanke gishirin taki da ke taruwa fari-fari a saman ƙasa. Na'ana'a da ɗoɗɗoya da latas suna son wannan tsari. Alobera da danginta masu son bushewa kada ki sa su.

Ruwan da ke kwance a inuwa gidan sauro ne, kuma da zafi ƙwai yakan zama sauro cikin mako guda zuwa kwana goma. Ki buga wa bututun zuba ruwa murfi, minti ashirin ya ishe shi, ki manna guntun ragar taga a ramin rarar.

Da ni ce ke, a tukunya ta gaba ba zan ma buga ma'ajin ba. Ki samo wankakken bokitin fenti ko robar da ba ta yoyo, ki auna bakinta, ki zana kwandon ciki da ƙafafunsa da bututun a manhajar zane ta Tinkercad, ki rage kamar rabin milimita a kowane gefe don ya shige ba tare da tursasawa ba. Kwandon ai dama huji ake so a jikinsa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa babu asara. Ramin rarar kuma ƙusa mai zafi ta isa ta huda shi a jikin bokitin.