Magarya da magaryar kura, abu ɗaya ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni daga Aboabo nake a nan Kumasi. Na aiki yarona kasuwa ya siyo min ganyen magarya, sai mai ganye ya ce masa wacce yake so, magarya ko magaryar kura? Wai dama biyu ne? Don Allah a fahimtar da ni.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Eh biyu ne, kuma gaskiya mai ganyen nan ya kyauta da ya tambaya, wani kawai zai ƙulla miki ne ya karɓi sidinsa.

In an ce magarya kai tsaye ana nufin wadda muka sani, mai ƙaya, mai 'ya'ya ƙanana da zaƙi-zaƙi da ɗan tsami da yara ke tsinka a daji, masana na kiranta Ziziphus mauritiana. Busasshiyar ƙasa take so shi yasa ba ki cika ganinta a Asante ba, sai can arewa wajen Bawku da Bolga. Ita ce malamanmu suka fassara kalmar Larabcin nan sidir da ita, a Suratun Najmi aya ta 14 aka ce magaryar tuƙewa, kuma ganyenta ake dakawa a zuba a ruwan wankan gawa kamar yadda ya zo a hadisi, in kin cuɗa shi zaki ga yana ɗan kumfa.

Magaryar kura kuwa 'yar uwarta ce, Ziziphus mucronata. Bahaushe in ya jingina tsiro da kura to na jeji ne wanda mutum bai cika ci ba, dubi gautan kura da albasar kura. 'Ya'yanta ja-ja ne masu duhu, ba nama sosai ba daɗi, masu maganin gargajiya suka fi nemanta.

Yanzu yadda zaki gane, juya ganyen ki duba bayansa. Na magarya bayansa fari-fari ne da ɗan gashi mai laushi, bakinsa kuma a dunƙule. Na kura kore ne gaba da baya, yana sheƙi, bakinsa da tsini. Matsalar ita ce in an riga an daka ya zama gari to babu mai iya rabewa da ido, don haka ni dai shawarata ki riƙa siyan ganye a yadda yake ki daka da kanki.

In don wanka ne ko addu'a ki ce a ba ki magarya zalla. Ta kura kuma don Allah kar a dafa a bai wa yaro ko mai ciki haka kawai don an ji wani ya ce tana magani, a fara tambayar likita.