Me ya sa ƙamshin turare yake canzawa a jiki?

'Yar'uwa, kin ce ƙamshin da kika ji a shago daban, wanda ya zauna a jikinki bayan awa biyu daban, har kina zargin jabu aka sayar miki. Ba lallai ba ne.

Turare hawa uku gare shi. Na sama shi ke fara bugun hanci: lemun tsami, lemun zaƙi, na'a-na'a. Ba su da nauyi, cikin minti 15 zuwa 30 sun tashi. Sai na tsakiya ya fito, su wardi, yasmin, kirfa da kanumfari, ya yi awa biyu zuwa huɗu. Na ƙasa kuwa, sandal, miski da ambar, shi ke kama mayafi har washegari. Shi ya sa humra take daɗewa, yawancin kayanta na ƙasa ne.

Kada ki yanke hukunci a bakin kwalba. Ki fesa a wuyan hannu, ban da gogawa, ki je ki dawo bayan awa ɗaya ki sake shinshinawa. Kar ki gwada fiye da uku a zama ɗaya, hanci yakan gaji. A zafin nan namu, dangin itace sun fi riƙewa. Dangin lemu sai kin riƙa ƙarawa.