Dalilin da ya sa ba ma miƙa wa baƙo mukullin mota a Jidda

Ɗana, saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu. Ka ce za ka zo Umara da mahaifiyarka da maiɗakinka, kana so ka ɗauki hayar mota tun daga filin jirgin Jidda ka tuƙa da kanka, kada ka ɗora wa kowa nauyi. Na kuma ji ƙorafin da ke kwance a ƙarƙashin tambayar. Har yau ba ka manta da zuwanka na farko ba, ranar da ka nemi mukullin motata za ka leƙa kasuwar Bab Makka na ce a'a, na tashi na kai ka da kaina. Na san abin da ake faɗa a gida, wai mu Hausawan Saudiyya rowar mota gare mu. Tunda ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba, bari in amsa maka a fili kowa ya ji.

A Kano idan ka ba ɗan'uwanka aron mota ya keta danja, tsakaninsa ne da wanda ya tare shi. Za a yi magana, a ba da haƙuri, a rabu. A nan babu wanda zai tare ka. Akwai kyamarori da ake kira Sahir, an fara kafa su tun 2010, suna kan danja, suna kan manyan hanyoyi, wasu ma a cikin mota suke a fake gefen titi. Walƙiya ɗaya za ka gani, wani lokaci ko ita ba za ka lura da ita ba, sai saƙo ya shigo wayar wanda motar ke kan sunansa. Mu nan mukalafa muke ce mata. Keta jan danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000. Riƙe waya kana tuƙi 500 zuwa 900. Rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya, don haka tarar danja guda ta kai dala 800. Ka juya wannan zuwa naira ka ga abin da nake nufi. Kuma tarar ba ta zama a takarda kawai. Tana manne da igamar mutum, wato takardar izinin zama, a manhajar gwamnati ta Absher, ba zai samu bizar fita da dawowa ba sai ya biya.

Wani maƙwabcinmu ya taɓa ba surukinsa mota kwana uku, kunya ta hana shi cewa a'a. Surukin mutumin kirki ne, ya iya tuƙi, shekara ashirin yana bin hanyar Kano zuwa Legas. Ya koma gida lafiya da tsarabarsa, har yau bai san cewa ya bar wa maigidan tarar da ta cinye albashin wata biyu ba, domin maigidan bai taɓa faɗa masa ba, ba kuma zai faɗa ba. Haka muke. Ba ma iya bin baƙo bashi, shi ya sa muka gwammace mu toshe ƙofar tun farko. Ga kuma batun tafwili, wato izinin tuƙi da mai mota ke yi wa wani a cikin Absher. In babu shi aka yi hatsari, kamfanin inshora na iya zame jikinsa. Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa da ƙarfi ba: a cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu igama, akwai kuma waɗanda takardunsu ba su kammalu ba. Gogar mota ɗaya da za ta jawo askarawa ƙofar gida tana iya tayar da hankalin mutane goma da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Abin da muke yi a madadin haka shi ne mu ɗauki baƙo da kanmu. Wannan ɗabi'a ta girmi motar ma. Kakannin mutanen da ke Shara Mansur da Misfala a Makka, da Karantina a nan Jidda, da ƙafa da jakuna suka taso, ta Barno da Chadi da Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu sai da suka shekara da shekaru a hanya. Wanda ya riga isowa shi ke tarbar na baya, ya nuna masa hanyar Harami, ya sama masa wurin kwana. Yau tarbar ta koma filin jirgi. Idan baƙo zai sauka, a cikin dangi ake duba wanda ba ya kan aiki ranar, ko a haɗa kuɗin mai a ba wani yaron gida. A wurinmu abin kunya ne a ji baƙonka yana tsaye bakin titi yana cinikin kaddadi, irin masu kabu-kabu da motar gida, alhali kana garin.

To, ga amsar tambayarka kai tsaye. Za ka iya ɗaukar hayar mota, kamfanoni suna nan jere a filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Hannun tuƙi ɗaya ne da na gida, dama, wanda Najeriya ta koma tun 1972, ba sai ka sake koyon komai ba. Ka zo da lasisinka mai rai, ka haɗa da na ƙasa da ƙasa, ka yo shi tun daga gida. Za su nemi fasfo da biza da lambar shigowa da ake ba ka a wurin jami'an shige da fice, sannan su riƙe kuɗin ajiya a katin banki, saboda haka ka zo da katin dala da ka tabbatar yana aiki a waje. Abu biyu ka tsaya a kansu kafin ka sa hannu. Na farko inshora: ka ce shamil kake so, wadda ta rufe har motar da ke hannunka, ka kuma tambayi nawa ne kasonka in an yi karo. Na biyu kilomita. Yawancinsu suna ƙayyade tafiyar da za ka yi a rana, abin da ya haura sai ka biya a kan kowace kilomita, kuma tafiya ɗaya zuwa Madina ta isa ta tsallake ƙa'idar. Ka zagaya motar da waya ka ɗauki hoton kowane ƙwarzane, ka leƙa safaya da jak. Mai ba shi da tsada: litar fetur mai lamba 91, wanda famfonsa ke da koren hannu, riyal 2.18, ta 95 mai jan hannu 2.33.

Amma shawarata, kada ka shiga Makka da ita. Daga Jidda kilomita 80 ce ko ƙasa da haka, hanya shimfiɗaɗɗiya, ka wuce shingen bincike na Shumaisi cikin sauƙi. Wahalar tana farawa ne idan ka hango hasumiyar agogo. Garin a tsakanin duwatsu yake, hanyoyinsa ramuka ne da aka huda cikin dutse da gadojin sama, ka kuskure kwana ɗaya sai ka tsinci kanka can a unguwar Aziziyya. Ana rufe titunan kusa da Harami gab da kowace salla, wurin ajiye mota kuwa sai an yi da gaske. Mu kanmu a filin ajiye motoci na Kudai muke ajiyewa mu hau bas. A azumi ma tun daga bakin gari ake tsayar da motocin masu Umara. Ka ƙara da cewa kana cikin harami, mayafi yana zamewa, silifa a ƙafa, ga tsohuwa a baya tana buƙatar banɗaki. Hankalin da ya kamata ya tafi ga talbiyya sai ya ƙare a kan madubin gefe.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne komowa. Mutum ya kwana a jirgi, ya yi ɗawafi, ya yi sa'ayi wanda shi kaɗai ya haura kilomita 3, aka yi masa aski ƙarfe biyun dare, sannan ya ce zai kama sitiyari. Na yi wa mutanen da na sani salla a Harami saboda wannan, ba labari aka ba ni ba. Hanyar Hijira daga Makka zuwa Madina kusan kilomita 450 ce, kamar Kano zuwa Abuja, sai dai babu rami, babu kasuwar bakin hanya, babu abin da zai farkar da kai. Tun 2018 aka yarda ƙananan motoci su yi gudun 140 a wasu sassanta. Santsin nan nata shi ke sa barci. In ka tsaya a layin hagu za a zo bayanka ana ƙyafta maka fitila, kada ka yi zuciya, ka kauce kawai. A ƙananan hanyoyin da ba su da shinge kuma raƙumi na iya fitowa cikin duhu, wanda ya buge shi da ƙaramar mota da wuya ya ba da labari.

Don mahaifiyarka jirgin ƙasa na Haramaini ya fi. Shi ma a 2018 aka buɗe shi, yana gudun 300, cikin awa biyu da rabi daga Makka kun isa Madina, akwai tasharsa a cikin filin jirgin Jidda. A Madina ne hayar mota take da daɗi. Garin a shimfiɗe yake, titunansa zobe-zobe ne kewaye da Masallacin Annabi (SAW). Ka ɗauki mota kwana biyu, ku je Kuba da safe, ku je Uhudu da Ƙiblataini ba tare da direba yana duba agogo ba, in da ƙarfi ku miƙa Badar, wajen kilomita 150. In maiɗakinka tana da lasisi ita ma za ta iya karɓarka, an ba mata damar tuƙi tun 24 ga Yuni, 2018, amma sai an sa sunanta a takardar haya. Ɗa'ifa kuwa ni zan kai ku, domin hanyar Hada hawa ce mai lanƙwasa, hazo kan rufe ta, ga birai a bakin titi.

In Allah ya ƙaddara gogayya ba rauni, kada ka tsaya musu ko sasanci irin na gida, kada kuma ka ba kowa ko sisi. Ka ɗauki hotuna, ka kira Najm, kamfanin da ke duba hatsarin mota, su ke zuwa su raba laifi bisa kaso, 25 ko 50 ko 75 ko 100, da takardarsu inshora ke aiki. In akwai rauni, 997 ne motar asibiti. Sannan ka kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Abu ɗaya da ba na so ka ko gwada: idan lokacin Hajji ya gabato, kada wani ya roƙe ka ka shigar da shi Makka ba shi da tasrihi, wato takardar izinin aikin Hajji. A 2025 tarar mai ɗaukar irin waɗannan ta kai riyal 100,000, ana kuma iya ƙwace motar.

Ka turo mini ranar saukarku da lambar jirgi. Ƙanenka zai zo da babbar motar, ni kuma zan taho da keken guragu na aro saboda gwiwar Hajiya. Ka ce mata ta sako mana daddawa da kuka, namu sun kusa ƙarewa.