Amsa ga tambayar gadar sama: abin da na gani a shekara 19 ina tuƙi

Malama Hajiya, kin tambaya wai me ya sa har yanzu mota ke kwashe mutane a titin garinku alhali an gina muku gadar sama, ko taurin kan mutanenmu ne kawai. Allah ya jiƙan yaron da kika ambata, ya ba iyayensa haƙuri. Ni dai direba ne, na yi shekara 19 ina jan bas tsakanin Kano da Kaduna kafin gwiwa ta zaunar da ni a tasha, to bari in faɗa miki yadda abin yake daga cikin mota.

Taurin kai akwai shi, ban musa ba. Amma je ki tsaya ki duba ina aka dasa gadar, ina kuma mutane suke tsallakawa. Sau da yawa gadar na can nesa, kasuwa da masallaci da inda 'yan adaidaita ke sauke fasinja suna nan, to tsohuwa mai ciwon ƙafa da buhun gero a ka, ko mai kura, ko yarinya mai tallan gyaɗa da ke bin motoci, wa zai hau matakala kusan arba'in ya sauko ya kuma dawo baya? Ga shi da dare ba fitila a samanta, mata tsoro suke ji kuma da gaskiyarsu.

Wanda ba zan manta ba wata ranar kasuwa ce bayan magariba, tirela ta yi fakin a gefen titi ana sauke kaya, wata mata da goyo ta ɓullo ta gabanta, wallahi ban gan ta ba sai da ta shigo hasken fitilata. Abin da ya cece mu, ramuka sun sa na sauko giya biyu. Na taka birki mota ta tsaya, takalminta ɗaya a ƙarƙashin bamba. Da titin lafiyayye ne ina kan 90 yadda muka saba, da wani labarin ake. Shi ya sa duk lokacin da aka gyara titi ya yi sumul ya ratsa tsakiyar gari ba a yi komai don rage gudu ba, gabana faɗuwa yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin mota duk shekara, sama da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ta kuma ce in gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, haɗarin mutuwar wanda aka buge ya ninka sau huɗu da rabi. Dokarmu 50 ce a cikin gari, a taron duniya kan kiyaye haɗuran hanya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Sweden a 2020 ma 30 aka ce a koma inda mutane da motoci ke cakuɗuwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne titin na tarayya ne, fitila ta jiha, kasuwa ta ƙaramar hukuma, lodi a hannun ƙungiyar direbobi, makaranta kuma ƙofarta na kallon kwalta, kowa da nasa ba mai zama da wani. Mun taɓa neman tudun rage gudu a gaban wata firamare, ofis uku muka zaga kowanne ya ce ba huruminsa ba ne, ƙarshe matasa suka zuba nasu da ƙasa da dutse ba fenti ba alama, sati bai cika ba ya kayar da mai babur da dare.

Shawarata, kar ku je da kuka kawai. Ku sa matasa biyu su zauna ranar kasuwa da littafi su ƙirga inda mutane ke tsallakawa da ƙarfe nawa, ku rubuta wuraren da aka buge mutane a shekara biyun nan, masu shago duk sun sani. Sai hakimi ya kira zama ɗaya, 'yan rod sefti da injiniyan ayyuka da shugaban tasha da sarkin kasuwa da hedimasta, a tabarma ɗaya. Ku roƙi tudu mai fenti kafin wurin da bayansa, fitila mai sola, wurin tsayawa a tsakiyar titi don mutum ya tsallaka rabi ya huta, a matsar da fakin tirela, in da hali a juya ƙofar makarantar ta koma lungu. Aikin juya ƙofar nan ma bulo ne da buhun siminti kaɗan, kwamitin iyaye zai iya kafin hutu ya ƙare.