Bolar unguwa ta cika, ina mafita?

Malam, ka ce bolar unguwarku a Ƙofar Marusa ta cika har ta cinye hanya, ko ku banka mata wuta? Don Allah kar ku ƙona. Hayaƙin leda da roba guba ne, masu asma da yara ne za su fara jin jiki.

Maganin yana cikin gida, tun kafin shara ta fita. Yawancin abin da muke zubarwa mai ruɓewa ne: ɓawon doya, ragowar tuwo, kashin awaki, toka. Ku haƙa rami, ku riƙa zubawa kuna yayyafa ruwa kuna juyawa, cikin wata 2 zuwa 3 ya zama taki. Manoma za su biyo ku da amalanke, ga tsadar takin zamani. Amma a tsince leda da batir tukuna, kar a kai wa gona cuta.

Ƙarfe da gwangwani kuwa kuɗi ne. 'Yan gwangwan suna saye a kan sikeli, masu zubi su narkar da alminiyon su yi tukwane. Fasassun bokitai da robobi ana niƙa su a kai masana'antun Kano. Tsohuwar taya ma tana komawa takalmi ko guga.

Ledar ruwa ce mai taurin kai. Ita ke toshe kwalbati da damina, akuya ta haɗiye ta cikinta ya kumbura ta mutu. Ku ware mata buhu daban. Tulin da ya riga ya taru kuwa, ku bi ta wajen mai unguwa ku nemi hukumar kare muhalli ta jiha ta turo mota.